Kujera ta Goma a Gasar Gareji

Ranar sha bakwai ga azumi saƙon ya shigo wayar Issoufou, yana zaune cikin mota a Unguwar Ofisoshin Jakadanci yana jiran jakadan da yake tuƙawa ya fito daga taro. Lambar ta Baba Lando ce, amma muryar ta mace ce, tana magana da Turanci a hankali.

Ta ce sunanta Yoli, ita ce 'yar Baba Lando ta biyu. Tun watan Janairu mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya fito daga asibiti, yana takawa da sanda, amma hannunsa na dama ba ya riƙe komai, in kuma ya dubi rubutu sai layi ɗaya ya zame masa biyu. Ya hana a gaya wa kowa, sai yanzu da lokacin gasa ya matso. Ya ce a faɗa wa Issoufou ya karɓi shugabancin gasar, ya kuma nemi wanda zai ba kujerarsa.

Sau uku Issoufou ya saurari saƙon. Sannan ya kifa wayar a cinyarsa ya zuba wa katangar da ke gabansa ido, har jakadan ya fito ya ƙwanƙwasa masa gilashi.

Issoufou mutumin Damagaram ne, haifaffen unguwar Birni, shekararsa ashirin da ɗaya yana tuƙi a Riyad. Bai taɓa taka filin wasan besbol ba, bai taɓa riƙe sandar bugun ba. Duk da haka shekara goma sha huɗu ke nan, da watan Maris ya kama sai ka gan shi da takardu a aljihu cike da sunayen 'yan wasan Amurka da Kyuba da Japan. Baba Lando ne ya jefa shi cikin wannan harka.

Sunansa na gaskiya Orlando, ɗan ƙasar Venezuela, gajere mai tumbi, kukun gidan jakada. Jakadu sukan zo su tafi, shi yana nan a kicin. Wata rana bayan azahar ya shigo garejin bayan gida ɗauke da kwalin firiji da aka ɓare da wani alƙalami mai kauri. Da Larabcin kasuwa suke magana da juna, irin wanda kowane baƙo yake tsinta a Riyad.

"Yusuf, abokina, mutum tara gare ni, goma nake so," in ji shi.

"Goma na me?"

"Na gasar besbol."

"Ni ban san wasan ba, Baba Lando."

"Mafi mushkila, ba matsala. Huɗu cikin taran ma ba su san shi ba, su dai ba su san ba su sani ba ne."

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi masa bayani. Ba gudu za su yi ba, ba bugu. Mutum goma za su zauna rana ɗaya, bi da bi kowa yana zaɓar 'yan wasa na gaske daga gasar Amurka, har kowa ya haɗa ƙungiyarsa. Wanda wani ya riga ya ɗauka ya ɗauku. Daga nan duk abin da 'yan wasanka suka yi a fili can ƙasarsu, kai ake rubuta wa maki a waya. Wata shida ana yi. Su yi wasa can kana barci, kai kuma ka tashi da safe ka ga abin da suka shuka maka.

Issoufou bai amsa a ranar ba, don abin ya yi masa kama da caca. Sai da ya je wajen Malam Talha, wani Bakano da yake karatun Shari'a a jami'a, wanda sukan haɗu a masallacin Juma'a. Malam Talha ya tambaye shi ko ana zuba kuɗi, ya ce ko sisi. Ya tambayi abin da ake ba wanda ya ci, ya ce sandar murza fulawa ce ta kicin ɗin Baba Lando, ana sassaƙa sunansa a jiki da wuƙa. Malam ya yi dariya ya ce wannan ai uwarsu ɗaya da dara, muddin ba ta hana salla ba. Bayan shekara biyu shi kansa Malam Talha ya shiga gasar, kuma tun daga lokacin ba a taɓa samun mai gardamar maki kamarsa ba.

A shekarar farko sunayen 'yan wasan sun gagari harshen Issoufou, sai ya raɗa musu nasa. Wannan Dogo, wancan Bahago, ga Mai Gemu, ga Sarkin Gudu. Kafin kakar wasa ta ƙare sunayen sun bi gareji, har 'yan Filifin biyu da suke gyaran wutar gidan za ka ji suna musun ko Bahago ya warke. Ƙungiyarsa kuma ya sa mata Raƙuman Damagaram. Sau biyu aka sassaƙa sunansa a sandar.

Ranar zaɓe kuwa biki ce. Bayan sallar Juma'a za a fitar da motoci biyu waje, a share gareji, a manna kwalin a bango. Baba Lando ya kawo shinkafa da baƙin wake da soyayyar ayaba, a zauna har magariba. Yanzu babu ko ɗaya. An rushe garejin an yi ɗakin masu gadi na zamani. Malam Talha yana koyarwa a Kano, 'yan Filifin suna gida, wani ɗan Indiya mai gyaran na'urar sanyi da ke cikinsu ma ya koma. Shekara uku ke nan da aka buga wa Baba Lando bizar fita ba dawowa. A Riyad saura Issoufou da Jibirilla, wani mai gadi ɗan Maraɗi. Gasar dai ba ta mutu ba, ta koma cikin waya, kowa daga inda yake.

Bayan shan ruwa a gidansu na Nasiriya, ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, Issoufou ya kunna wa matarsa Haoua saƙon, yana fassara mata. Haoua ta san Baba Lando fiye da kowa a gasar. Shekara bakwai ta yi tana aiki a ƙarƙashinsa a kicin ɗin jakada kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Shi ya koya mata gasa wainar masara irin ta ƙasarsu, ita kuma ta koya masa dambu, ko da yake har ya tafi bai daina cika masa ruwa ba.

Ta ajiye kofin kunu. Can ta ce, "Allah sarki. Mutumin da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu wa za ka ba kujerar, Malam?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka kira shi dai ka gaishe shi kafin maganar kujera."

Ya ce zai kira. Kwana huɗu suka wuce bai kira ba. Yakan ɗauko lambar ya duba ya mayar da wayar aljihu, don bai san irin muryar da zai ji ba.

Ranar Juma'a Jibirilla ya ja shi kasuwar Batha, ya ce ya samo musu mutum. Suka kutsa cikin cunkoson masu sayayyar salla, suka wuce tashar bas da layin masu sayar da barguna, har wani shagon waya a cikin lungu. Mai shagon sunansa Uba, Bazazzagi mai fara'a, wanda ya daɗe yana irin wannan gasa ta ƙwallon ƙafa. Jibirilla ya riga ya nuna masa ƙungiyar Baba Lando.

Uba ya juyo da wayar ya ce, "Alhaji, na yi nazari. Ƙa'idarku kowa zai riƙe mutum uku daga na bara, ko? To, cikin na dattijon nan babu wanda zan riƙe, duk sun kwana biyu. Sunan ƙungiyar ma zan canza. Wai Tukunyar Wake, wannan ai sunan gidan abinci ne."

Babu laifi a maganarsa, Issoufou ya san haka. Wanda ya karɓi kujera ya karɓi iko da ita. Amma shi yana nan ranar da aka raɗa sunan, lokacin da tukunyar wake ta kife a garejin aka bi ta da tsintsiya ana dariya. Ya yi wa Uba godiya ya ce zai yi shawara.

Da suka fito Jibirilla ya ce, "Yaya Issoufou, saura kwana goma fa. In ba mu cika goma ba, jadawalin ba zai yiwu ba."

"Na sani."

"To me ka gani a jikin mutumin?"

"Ban ga komai ba. Bari dai in ji daga bakin mai kujerar."

Washegari da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta ɗaga a Venezuela, ya zauna a falo ya kira ta bidiyo. Yoli ce ta ɗauka, ta juya wayar. Baba Lando yana zaune a kujerar roba a tsakar gida, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Tumbin ya zube, gefen bakinsa ya ɗan karkace. Ya ɗaga hannun hagu.

"Yusuf." Kalmar ta fito da nauyi, kamar ana jawo ta daga rijiya.

Issoufou ya yi masa sannu, ya yi masa addu'a, ya ba shi labarin zafin da ya fara shigowa da na sabon jakada mai son a kashe na'urar sanyi a mota. Haoua ta leƙo ta bayansa ta gaishe shi. Da ya gan ta fuskarsa ta saki, ya tambaye ta gwiwa. Sai da aka gama wannan duka Issoufou ya taɓo maganar gasa.

"Khalas, an gama," in ji Baba Lando. "Ba ido, ba hannu. Ka ba wani."

Daga bayansa ana jin rediyo tana magana da harshensu. Can sai dattijon ya ɗan matso da fuskarsa.

"Bahago ƙarami, wanda aka yi wa aiki a gwiwar hannu. Ya fara jifa?"

"Ya fara, satin da ya wuce."

"Na ji a rediyo. Sun ce ƙarfinsa ya dawo. Ƙarya ne, sai watan Yuni." Ya numfasa. "Kar ka ɗauke shi da wuri."

Issoufou ya dube shi da kyau. Mutumin da ya ce ya haƙura ke nan, ga shi yana biye da gwiwar hannun wani saurayi a rediyo kowace safiya.

"Baba Lando, kanka ai lafiyarsa lau. Ka riƙe kujerarka. Ni zan riƙa karanta maka sunaye, ka faɗi wanda kake so, in danna maka."

Dattijon ya girgiza kai, ya nuna shi da yatsa. "Kai abokin gaba ne."

Haoua ta yi dariya daga inda take tsaye. Ta ce da Hausa, "Gaskiyarsa. Wa zai ba kura ajiyar nama?" Sannan ta matso ta zauna a hannun kujera, ta koma Larabci. "Baba Lando, ni fa? Ni ba ni da ƙungiya. Ka riƙa faɗa ina yi, kamar yadda muka saba a kicin."

Issoufou ya juya ya dube ta. Shekara goma sha huɗu tana yi masa tsiya a kan wasan nan, tana cewa ya san ciwon kafaɗar baƙi bai san ranar da gas ɗin gidansa zai ƙare ba.

"Ke me kika sani a besbol?"

"Abin da ka sani ranar da ka fara. Ƙari a kan haka, na san Dogo ba ya bugu in mai jifa bahago ne, na san Mai Gemu duk watan Agusta sai ya ji ciwo. Shekara nawa kana faɗa mini ina yanka albasa?"

Baba Lando bai ji Hausar ba, amma ya ga fuskar Issoufou. Ya yi magana da 'yarsa, ta leƙo ta ce da Turanci, "Ya ce a gwada."

Sauran mutanen gasar ba su ja ba. Malam Talha ne kaɗai ya turo dogon saƙo a kan hukuncin wakilci, ya ƙare da cewa ya halatta, da sharaɗin kada wakiliya ta haɗa baki da mijinta. Issoufou ya kira Uba ya ba shi haƙuri.

Daga ranar gidan ya canza. Kullum da ƙarfe uku, kafin ta ɗora girkin shan ruwa, Haoua za ta shige ɗaki da tsohuwar wayar 'yarsu Sahadatou, wadda take aure a Jidda, ta turo ƙofa. Daga falo, in ya dawo da wuri, Issoufou yakan ji muryarta tana karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, da shekarun kowa da abin da ya yi bara. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida a Damagaram, saboda haka haruffan ba su ba ta wuya ba. Sunayen Sifaniyancin nan da suka karya masa harshe, ita tana faɗarsu tamkar na maƙwabta, har ya ji Baba Lando yana gyara mata kaɗan yana cewa madalla. Wani lokaci sai karatun ya tsaya su shiga hirar da, ta ranar da aka yi liyafar mutum ɗari biyu wuta ta ɗauke, suka ƙarasa girki da fitilun motar Issoufou a bakin taga.

A kwanakin farko kiran ba ya wuce minti goma, dattijon ya gaji. Kafin salla ya kai kusan awa.

Shi ma Issoufou bai zauna ba. Ibadar goman ƙarshe na azumi ta rage masa lokaci, amma duk inda ya ajiye jakada ya fito da takardarsa. Ya riƙe mutum ukunsa na bara, ya jera sauran bisa yadda yake son su. Akwai wanda ya ɓoye bai rubuta ba, wani matashi ɗan Kyuba da bai taɓa buga babbar gasa ba, wanda Issoufou ya tsinci labarinsa a wani shafi da ba kowa ke karantawa ba. Ya sa masa suna Ɗan Baƙo. Dabararsa ya bar shi sai zagaye na shida, lokacin da hankalin kowa yake kan manyan sunaye, ya ɗauke shi salin-alin.

Ran nan ya tambayi Haoua, kamar da wasa, su wa Baba Lando ya riƙe.

"Za ka gani ranar zaɓe," ta ce.

"Ni ne fa shugaban gasa."

"To shugaba ya jira kamar kowa."

Aka sa zaɓen ranar uku ga salla, ƙarfe huɗu agogon Riyad, don ya yi daidai da hantsi a Venezuela, bayan azahar a Kano, bayan isha a Filifin. Da safe Issoufou ya sauka kantin ƙasan gidansu ya roƙi babban kwali. Ba a buƙatarsa, waya tana rubuta komai, amma ya ɓare shi ya ja layi goma da alƙalami ya manna a bangon falo. Jibirilla ya iso da kwalaben lemo. Haoua ta dafa shinkafa da wake da soyayyar ayaba, ta ce baƙin waken bai samu ba, a yi haƙuri da fari.

Aka jingina babbar waya a kan tebur, fuskoki suka fito ɗaya bayan ɗaya cikin ƙananan akwatuna. Kowa ya ƙara furfura. Ɗaya daga cikin 'yan Filifin, wanda ya ci bara, ya ɗaga sandar murza fulawar ya nuna, aka yi masa tsiya. Da fuskar Baba Lando ta fito, sanye da tsohuwar hularsa ta wasa, sai duk suka fara gaisuwa lokaci ɗaya da harsuna huɗu. Ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Yalla," aka fara.

Haoua ta zauna a ƙarshen doguwar kujera, nesa da mijinta, da abin ji a kunne ɗaya, don Baba Lando yana kan layi na daban da ita ta wayar Yoli. In layinsu ya zo sai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi ƙus-ƙus, ta saurara, ta danna. Jibirilla yana rubutawa a kwali. A tsarin zagaye na biyar, Tukunyar Wake ce take gaban Raƙuman Damagaram.

Zagaye huɗu suka wuce lafiya. Issoufou ya samu mai jifan da yake so da mai gudu ɗaya, yana ta murmushi. A na biyar Haoua ta yi ƙus-ƙus ɗinta, ta danna, sai sunan Ɗan Baƙo ya fito a allon kowa.

Malam Talha ya ce daga Kano, "Wane ne kuma wannan?"

Issoufou ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake duba sunan. Sannan ya juya ya dubi matarsa, ita kuwa ta tsura wa wayarta ido kamar mai karatun wasiƙa.

"Haoua."

"Na'am, Malam."

"A ina Baba Lando ya ji sunan yaron nan?"

"Ya tambaye ni ko akwai wanda kake yawan ambata. Na ce akwai wani Ɗan Baƙo da kake kira in kana aski, har kana cewa zagaye na shida, zagaye na shida. Muka bincika muka gano shi."

"Wannan ai cin amana ne."

"Amanar wa? Malam Talha cewa ya yi kada in haɗa baki da kai. Ban haɗa ba."

Jibirilla ya kasa riƙe dariya, ya fassara wa sauran. Malam Talha ya ce a fiƙihu dai wakiliya ta yi aikinta. Cikin hayaniyar sai aka ji wata dariya mai kauri, tana fita tana sarƙewa. Baba Lando ne, ya kifa kai yana bubbuga hannun kujera da hannun hagu, hular ta zame. Yoli ta shigo da gudu don ta zaci wani abu ne ya same shi. Da ta ga abin da ake ciki ta tsaya a bayansa ta dafa kafaɗarsa, ta ce tun Janairu ba ta ji wannan sautin a gidan ba.

"Yusuf," in ji dattijon da ya samu numfashi, "shekara sha huɗu ina gaya maka. Mai dabara ba ya magana shi kaɗai."

Lokacin zaɓen Issoufou yana ta tafiya, saura daƙiƙa ashirin. Cikin sauri ya ɗauki wani tsohon mai bugu da bai ma yi niyyarsa ba. Aka ci gaba har aka kira magariba, aka tsaya aka yi salla, aka dawo aka ƙarasa. Kafin a rufe layi ba wanda ya so ya fara kashewa. Suka ɗan zauna suna kallon juna, ana tambayar 'ya'ya da jikoki, har Baba Lando ya ce ya gaji, za a kai shi ya kwanta.

Da Jibirilla ya tafi, Issoufou ya tsaya gaban kwalin yana duba layin ƙungiyarsa. Haoua tana kwashe kwanuka.

"Fushi kake yi?" ta ce.

"Ina fa. Amma da kin bar mini shi."

"Da na bar maka, da Baba Lando ya gane tausayinsa muke ji. Kai ma ka san ba zai sake ɗaukar wayata ba."

Ya ɗauki tiren ya bi ta da shi kicin.

Kaka ta buɗe ranar Alhamis. Ɗan Baƙo ya yi sati uku bai taɓuka komai ba, Issoufou yana shiga yana fita yana waƙe-waƙe a gida. A sati na huɗu yaron ya buga ƙwallo uku suka tsallake katanga cikin kwana biyu, waƙar ta tsaya. Zuwa ƙarshen watan Mayu Tukunyar Wake tana ta uku, Raƙuman Damagaram suna ta bakwai. Kiran ƙarfe uku bai yanke ba ko rana ɗaya. Yoli ta rubuto cewa likitan da ke koya wa mahaifinta magana ya tambayi abin da yake yi a gida, don harshensa ya saki fiye da yadda aka zata. Idon dai bai gyaru ba, amma ya fara koyon danna waya da hannun hagu.

Wata ranar Asabar suna karyawa, Haoua ta ce, "Malam, Baba Lando ya ce baɗi in Allah ya kai mu jikarsa za ta riƙa karanta masa, shi ya danna da kansa."

"Alhamdu lillahi. Kin huta ke nan."

"Wane hutu? Tawa ƙungiyar nake so."

Ya ajiye burodin. "Mu goma ne cif. In kin shiga mun zama sha ɗaya, kuma gasar ba ta yiwuwa da mara, sai an samu na sha biyu."

"Wannan kuma ciwon kan shugaba ne. Kana da wata tara."

Ya tambaye ta ko har ta zaɓi suna. Ta ce ta zaɓa, amma ba za ta faɗa ba tukuna. Ta tura masa flas ɗin shayi, ta jawo wayarta ta shiga duba waɗanda suka ji ciwo a wasannin jiya.